Yadda za ka zaga ABU Samaru a kan keke ba tare da ka jigata ba

In kana Zariya kuma kana da keke ko da na aro ne, zagayen da ya fi sauƙi shi ne na cikin jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, don ƙasar wajen shimfiɗaɗɗiya ce, babu wani hawa da zai sa ka sauka kana turawa, ga inuwar bishiyoyi ko ta ina, wasu manyan kana gani ka san sun daɗe, makarantar ma ai tun 1962 take.

Kafin ka fito ka matsa tayoyi ka ji iska, ka gwada birki gaba da baya, ka ɗan ɗiga wa kaca mai in ta bushe. Sirdi kuma ka ɗaga shi yadda ƙafarka za ta kusa miƙewa in feda ta yi ƙasa, yawancin masu kukan ciwon gwiwa wallahi sirdinsu ne ya yi ƙasa da yawa. Ka riƙe ruwa a gora da ɗan canji saboda mai faci, da katin shaida ko masu gadi za su tambaya.

Lokaci shi ne komai. Ka fito bayan asuba da gari ya ɗan waye, musamman Asabar ko Lahadi da babu lakca sosai, titin kamar naka ne. Da bazara rana na ɗagawa ka haƙura kawai, da hunturu kuma ka sa rigar sanyi ka rufe hanci saboda hazo.

Ka shiga ta Main Gate ka miƙe a hankali har wajen ginin Senate da laburaren Kashim Ibrahim, nan akwai masu tafiya a ƙasa sai ka riƙa kaɗa ƙararrawa. Daga nan ka nufi gidajen malamai, nan ne daɗin tafiyar yake gaskiya, shiru, motoci jefi-jefi, sai kukan tsuntsaye, ka bi a sannu don unguwar mutane ce kuma yara na fitowa ba zato. Ka tambayi hanyar dam, wato madatsar da aka yi a kan kogin Kubanni wadda jami'ar ke shan ruwanta, ka tsaya ka sha iska amma kar ka ce za ka shiga ruwan, kuma da damina kar ka sauka daga kwalta don laka za ta riƙe maka taya. Ni dai na fi son a je wajen mutum biyu ko uku, ba kai kaɗai ba.

A dawowa ka biyo ta wajen hostel ɗin ɗalibai ka fita ta North Gate ka yi dama. Wannan guntun titin Sakkwato shi ne kaɗai inda za ka buɗe ido sosai, tireloli masu zuwa daga Funtuwa, 'yan acaba, masu Keke Napep da ke tsayawa duk inda suka ga fasinja, don haka ka manne gefen dama, ba waya ba abin kunne. In ka ga cunkoson ya yi maka yawa ka sauka ka tura har Main Gate, ko ka fasa fita ka juyo ta cikin makarantar. Shayi da ƙosai kuma suna nan tsallaken titi cikin Samaru.