Uncomfortable Da 'Yan Uwanta: Inda Ake Yawan Zamewa

Duk wanda ya zana WAEC ko JAMB ya san tambayar nan da ake rubuta gaɓa ɗaya da manyan baƙaƙe a ce ka zaɓi inda ake danna murya, to wallahi maki da yawa a nan suke zubewa, musamman a sifofi masu ɗafa-goshi, wato ɗan ƙarin da ake liƙawa a farkon kalma, irin uncomfortable.

Abin da aka fi yi shi ne mutum ya hango table a ƙarshen kalmar sai ya ce "ankamfoTEbul", alhali ba teburi a wajen sam. Yanka ta gida uku: un, sai comfort, sai able. Tushen shi ne comfort, kuma tun asali a gaɓar farko yake ɗaukar nauyi, shigowar un ba ta canza komai ba, don haka unCOMfortable ne. A rubuce gaɓa biyar ce, amma a bakin yawancin Turawa huɗu za ka ji, an-KAMF-ta-bul, sun haɗiye wasalin tsakiya. Mu kuwa Hausa ba ta son baƙaƙe su yi cincirindo babu wasali, kuma da karin sauti muke aiki, sama da ƙasa, shi ya sa muke ba kowace gaɓa haƙƙinta cif. Gyaran kawai ka ƙarfafa KAMF ka sassauta sauran.

Sai masu ɗora nauyi a kan ɗafa-goshin kansa, IMpossible, ILlegal. A'a, imPOSsible ne, ilLEgal ne. Amma fa kar ka ɗauka doka ce da ba ta karyewa, ga INfamous nan da INfinite, su a gaɓar farko ake danna su, kuma infamous ba wai marar suna ba ne, wanda ya yi ƙaurin suna ne, wannan kam masu saita tambaya suna son shi sosai.

Wajen rubutu ma rashin yankan ne ke jawo matsala, za ka ga unecessary da n ɗaya. Un na da nata n, necessary na da nata, biyu kenan. Haka dissatisfied, s biyu. Shi kuma in sauya kama yake yi ya bi baƙin da ke gabansa, im kafin p da b da m, il kafin l, ir kafin r, shi ya sa irregular take da r biyu. In ka buɗe ƙamus ka ga ɗan gajeren layi a sama kafin wata gaɓa, ita ake dannawa.