Yadda za ka riƙa duba injinka tun kafin ya tsayar maka da aiki

Wannan rubutun na masu injin casar shinkafa ne da injin niƙa, da masu gidan fiyawata, gidan burodi, gidan ƙanƙara, kai har masu otal da filaza da ke rayuwa a kan janareto a nan Katsina. Abin da ke damuna shi ne yadda muke ɗaukar kuɗin sabis kamar asara, sai inji ya buga sannan hankali ya tashi a fara neman rance. Ni kaina na taɓa yin kwana 9 injina na tsaye ana tsakiyar kaka saboda boris ɗaya da ya daɗe yana kuka ina cewa bari a gama wannan aikin tukuna, ƙarshe ya ci shaf, koyil ɗin moton lantarkin da ke juya injin ya ƙone, sai da aka kai rewayin, wato sake naɗa mashi waya. Kuɗin gyaran bai ƙona min rai kamar ganin masu kawo min shanshera sun juya da buhunansu wani wuri ba, wasu har yau ba su dawo ba.

Mataki na farko ba a jikin inji yake ba, a takarda yake. Zauna ka lissafa nawa kake asara in aiki ya tsaya kwana ɗaya cur: ribar ranar, kuɗin yaran da dole ka sallama ko sun yi aiki ko ba su yi ba, hayar wuri, kayan da za su lalace kamar ƙullun fulawa da aka riga aka kwaɓa ko ƙanƙarar da za ta narke. Sai ka ninka da kwanakin da gyara ke ci, don in kayan babu a Katsina sai an tura Kano, Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari, tafiyar kusan kilomita 170, wani lokacin a kawo ba daidai ba a sake mayarwa. Rubuta wannan adadin a shafin farko na littafi. Gefenshi ka rubuta kuɗin galan ɗin baƙin mai da filta. Duk ranar da zuciyarka ta ce a ɗaga sabis zuwa wata mai zuwa ka buɗe shafin nan ka kalla.

Na biyu, wannan littafin dai, ko mai araha ne irin na 'yan makaranta, ka ba kowane inji shafinshi. Sunan inji, lambar filta, lambar bel, lambar boris, irin man da yake sha, ranar da aka yi mashi sabis da awa nawa mita ta nuna. Lambobin nan ka kwafe su yanzu tun injin na lafiya, saboda boris in ya tarwatse ba ka iya karanta lambar da ke jikinshi, sai a koma kintace.

Na uku shi ne kwata ɗin awa na safe kafin a tada inji, kuma nan ne rabin maganin yake wallahi. A zaro sandar duba mai a goge a mayar a sake zarowa a gani, in man ya koma fari-fari kamar madara to ruwa na shiga ciki, kar a tada, a kira makaniki. A duba ruwan lagireto tun injin na sanyi, kar wanda ya kuskura ya buɗe murfin da zafi don yana iya ƙona fuska. A leƙa ƙasa ko akwai ɗigon mai ko gas. A danna bel da babban yatsa, in ya saki sosai ko ya fara tsagewa a gyara. A duba kan batir ko ya yi farin gari. Bayan an tada kuma a tsaya a saurara, wanda ke tare da inji kullum ya san muryarshi, in ta canza ya faɗa a ranar ba sai jibi ba. Kuma duk wanda zai sa hannu cikin inji ya kashe wuta daga babban makunni ya sanar da kowa, mun ga yaran da suka rasa yatsu a bel saboda wani ya tada inji bai sani ba, wannan babu kuɗin da ke biyanshi.

Sai maganar juyen mai, wadda a nan mutane suka fi yaudarar kansu. Ba da wata ake lissafi ba, da awa ne. Yawancin janareto masu shan gas littafinsu na cewa a canza baƙin mai da filta duk awa 250, wasu sababbi su kai 500, ka duba na injinka ka bi. Yanzu a ce kana kunna shi awa 10 kullum saboda yanayin wuta, kenan cikin kwana 25 ka cinye awa 250 ɗin, amma sai ka ji mutum na cewa ai wata uku da suka wuce na yi sabis. Kuma don Allah a daina ƙara sabon mai kan tsohon ana cewa an yi juye, a kuma daina sayen man da ake aunawa a kwalba bakin titi wanda ba a san asalinshi ba. Galibin injinan nan baƙin mai mai lamba 15W-40 suke so. Bambancin kuɗin mai kyau da na banza bai kai kuɗin ringi ɗaya ba, balle a ce karanshaf ya tafi. Gas ɗin ma in kana ajiye shi a duro ka bari ya kwanta kafin ka ɗiba, kar ka zuƙo na can ƙasa don nan ruwa da laka suke taruwa, su ke kashe nozul da famfo.

Wani abu da ba kowa ya sani ba, babban janareto da ake ɗora wa ɗan ƙaramin lodi kullum shi ma cutuwa yake. In kana aiki ƙasa da kashi 30 cikin ɗari na ƙarfinshi tsawon lokaci gas ɗin ba ya ƙonewa duka, sai ka ga baƙin ruwa na tsatsowa ta salansa. Gara ka haɗa ayyukanka lokaci guda ko ka nemi ƙarami na kwanakin da aiki ba yawa.

Na biyar, ka bi yanayin garinmu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ce, ga ƙaiƙayi da dusa in wurin casa ne, filtar iska na toshewa da wuri, inji ya riƙa baƙin hayaƙi yana shan gas fiye da ƙima. Lokacin nan duk sati a duba ta, in ta gaji a canza, kar a wanke ta takarda da ruwa ko fetur, kar kuma a cire ta a bar inji haka nan don ƙurar da ta shiga silinda kamar yashi ce a kan ƙarfe. Maris zuwa Mayu kuma zafi ne da ke haura digiri 40, sai a hure lagireto da haƙarƙarin moto, a buɗe wa ɗakin inji iska. Masu harkar lantarki na da ƙa'idar da suka sani cewa duk ƙarin digiri 10 a zafin koyil na rage rabin kwanan abin da ya lulluɓe wayar, shi ya sa moto da dusa ta rufe ba ya daɗewa. Kafin damina kuma a hau rufi a toshe yoyo, a share magudana, a duba wayar ƙasa. Ruwan rijiya ko na bohol zalla a lagireto yana tara farin dutse a ciki, a sa kulan, wato ruwan da aka haɗa musamman don lagireto. Giris ma da ƙa'ida, in ka cika wa boris fiye da kima zafi yake yi.

In motonka mai layi uku ne ka sa mashi na'urar da ke katse wuta in layi ɗaya ya ɗauke ko wuta ta yi ƙasa, masu wayarin sun san ta. Layi ɗaya ya fita moto na cikin aiki, minti kaɗan ne koyil ya tafi.

Na shida, ɗan akwatin kayan ajiya. Ba cewa na yi ka buɗe shago ba, bel ɗaya na kowane inji, filtoci saiti ɗaya, boris ɗin da ya fi saurin mutuwa, fiyus, robar casa in kana casa. Da an ɗauki ɗaya a sayo madadinshi a satin.

Kuɗin duk wannan daga ina? Daga cinikin kullum. Ka raba kuɗin sabis ɗaya da adadin kwanakin da ke tsakanin sabis biyu, abin da ya fito ka riƙa cire shi kowace yamma kamar zubin adashi, a asusu daban wanda ba a taɓa shi don cefane ko biki. Babban sabis kuma ka sa shi lokacin da aiki ya ja baya, mu masu casa kafin sabuwar shinkafa ta shigo, masu ƙanƙara cikin sanyi tun kafin zafi da azumi su matso, a lokacin makaniki ma ba ya cikin rububi zai zauna ya yi maka aiki a natse.

Abu na ƙarshe, ka damƙa littafin a hannun mutum ɗaya, ba kowa da kowa ba, kuma in yaro ya zo ya ce Alhaji na ji wata ƙara a injin nan, kar ka hantare shi ko ka ce daga albashinshi za a cire, don daga ranar ba zai sake faɗa maka ba. Ka ce mashi madalla, ku je tare ku saurara. Duk Juma'a kafin a tafi masallaci ka karɓi littafin ka duba awa nawa suka rage kafin juye na gaba, ka sa hannu.