Yadda za ka koya wa ɗalibin mutawassiɗa lissafin sauri da ƙarfi da aiki a gida

Yaranmu da ke karatu a makarantun mutawassiɗa (ƙaramar sakandare) na Makka da Jidda da Madina suna haɗuwa da sauri da ƙarfi da aiki a darasin ulum, wato kimiyya, kuma da yawansu sukan haddace ƙa'idojin tsaf, amma da zarar malami ya sauya lambobi ko ya juya tambayar sai ka ga sun rikice. A ganina dalilin bai wuce ɗaya ba: yaron yana karɓar lambobi ne daga littafi, bai taɓa samo su da hannunsa ba, don haka bai san girman mita ɗaya ko nauyin niyuton goma (niyuton shi ne ma'aunin ƙarfi) a jikinsa ba. Uba ko uwa ko babban wa zai iya gyara wannan a cikin gida, ko da shi kansa bai yi zurfi a karatun kimiyya ba, matuƙar ya yarda a fara da awo kafin a taɓa ƙa'ida.

Kayan da za a tanada ba su da yawa: tef na awo irin na magina ko na tela, agogon ƙidayar sakan da ke cikin wayar hannu, jarkar zamzam mai lita 5 cike da ruwa, kwali mai ƙwari, igiya, da ɗan sikelin ratayen nan mai ƙugiya da ake auna jakunkunan alhazai da shi kafin a tafi filin jirgi. Wannan sikelin ya fi sauran muhimmanci, domin shi ne zai mayar da ja da turi su zama lamba. Sai kuma littafin rubutu, wanda za a kafa masa doka guda tun ranar farko, cewa ba a rubuta lamba ita kaɗai a cikinsa, dole ne a bi ta da ma'auninta, ko mita ne ko sakan ko kilo.

A fara da sauri, domin shi ne ido yake gani. Ka auna mita 20 a layin gidanku ko a farfajiya, a sa alama a farko da ƙarshe, yaron ya yi tafiyarsa ta kullum kai kuma kana riƙe da agogo. A ce ya ɗauki sakan 16. Sauri shi ne nisa a raba da lokaci, wato 20 a raba da 16, ya ba da mita 1.25 a kowane sakan. Sai ya sake bin wurin da gudu. Idan ya yi sakan 5, saurinsa mita 4 ne a sakan. Ka bar shi ya yi rabawar da kansa, kuma ka sa ya maimaita kowane awo sau uku ya ɗauki matsakaici, saboda yatsan mai danna agogo ba ya taɓa faɗawa daidai wuri ɗaya.

Daga nan sai a haɗa wannan da lambar da yake gani a allunan hanya. Sa'a ɗaya tana da sakan 3,600, kilomita ɗaya kuma mita 1,000 ce, shi ya sa ake ninka mita a sakan da 3.6 domin a sami kilomita a sa'a, a kuma raba da 3.6 idan za a dawo. Tafiyarsa ta ƙafa ta zama kilomita 4.5 a sa'a, gudunsa kuwa 14.4. Jirgin ƙasan Haramaini, wanda ya fara jigila a 2018 a kan layi mai tsawon kusan kilomita 450 tsakanin Makka da Madina, yana kaiwa kilomita 300 a sa'a, wato kimanin mita 83 a kowane sakan. Ka tambayi yaron: idan haka ne, me ya sa ba a isa Madina cikin sa'a ɗaya da rabi, alhali 450 a raba da 300 abin da yake bayarwa ke nan? Amsar ita ce jirgin yana tashi a hankali, yana rage gudu, yana kuma tsayawa a tashoshi kamar ta Jidda, don haka 300 ƙololuwa ce kawai. Idan tafiyar ta ci sa'a biyu da rabi, matsakaicin saurinsa 180 ne.

A nan ne ɗalibai suka fi zubar da maki, saboda haka ya kamata a daɗe a wurin. Matsakaicin sauri shi ne jimlar nisa a raba da jimlar lokaci, ba haɗa sauri biyu a raba gida biyu ba. Direba ya yi tafiyar kilomita 60 da saurin 60 a sa'a, ya dawo cikin cunkoson lokacin Hajji da saurin 30. Kusan kowane yaro zai ce matsakaici 45 ne. Amma zuwan ya ci sa'a ɗaya, dawowar ta ci biyu, jimla kilomita 120 a sa'a uku, amsa ita ce 40. Sa'ayi ma misali ne da kowane ɗan Makka ya sani a ƙafarsa: tsakanin Safa da Marwa kimanin mita 400 ne, zagaye bakwai ya kai wajen mita 2,800, kuma mai yin sa yana sassarfa tsakanin korayen fitilu, yana tafiya a sauran wurin, yana tsayawa addu'a a kowane ƙarshe. Idan duka ya ɗauke shi minti 45, wato sakan 2,700, matsakaicin saurinsa mita ɗaya da 'yan kai ne a sakan. Lissafin nan a gida ake yin sa bayan an dawo, ba wanda ya ce a riƙe agogo ana cikin ibada.

Sai ƙarfi. Ƙarfi shi ne turi ko ja, kuma ana gane shi ne ta abin da yake haifarwa: yana tayar da abin da ke tsaye, ko ya tsayar da mai tafiya, ko ya sauya masa sauri ko alƙibla. Ana auna shi da niyuton, sunan da aka ɗauko daga Aizak Niyuton, masanin Ingila da ya bayyana dokokin motsi uku a 1687. Ka miƙa wa yaron jarkar zamzam ya ɗaga da hannu ɗaya. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka yana riƙe da kilo 5, ƙasa kuma tana jan kowane kilo da niyuton 9.8, wanda a wannan mataki ake yawan cika shi zuwa 10 domin sauƙin lissafi. Abin da yake ji a dantsensa, ke nan, kusan niyuton 50 ne. Wannan shi ne bambancin da littafinsu yake yi tsakanin kutla, wato yawan abu, da wazni, wato nauyinsa: kilo 5 ɗin yawan ruwan ne, ba ya sauyawa ko ina aka kai shi, amma niyuton 50 ɗin jan ƙasa ne, kuma a kan wata, inda jan bai wuce kashi ɗaya cikin shida na namu ba, jarkar za ta koma niyuton 8 da ɗoriya alhali ruwan bai ragu ba.

Yanzu a saka jarkar a cikin kwali, a ɗaura igiya, a maƙala ƙugiyar sikelin, yaron ya ja a hankali a kan tayil ba tare da fizga ba, igiyar tana kwance daidai da ƙasa. Duk abin da sikelin ya nuna a ninka shi da 10. A ce ya nuna kilo 1.5 a kan tayil, wato niyuton 15, sa'an nan ya nuna kilo 3 a kan darduma, wato niyuton 30. Kayan ba su sauya ba, abin da ya sauya shi ne gogayya tsakanin kwali da ƙasa, kuma yaron zai lura da kansa cewa lambar takan ɗan haura kafin kwalin ya motsa, sa'an nan ta sauko idan ya fara tafiya. Gogayya ce take sa yara su zaci dole sai ana turi kafin abu ya ci gaba da tafiya, alhali dokar Niyuton ta farko ta ce abin da ke tafiya zai ci gaba da saurinsa a miƙe har sai wani ƙarfi ya tare shi. Muna ci gaba da turi ne kawai domin mu biya abin da gogayya take ci.

Doka ta biyu ita ce mai lissafi: ƙarfin da ya rage bayan an cire masu hamayya da shi daidai yake da kilo a ninka da ƙaruwar sauri. Ɗauki mai tura keken tsofaffi a Harami. Keken da wanda ke zaune a kai kilo 80 ne, ana so saurinsa ya riƙa ƙaruwa da rabin mita a sakan cikin kowane sakan; 80 sau 0.5 ya ba da niyuton 40. Idan gogayyar tayoyi tana cin niyuton 15, to mai turawar yana ba da 55 ne. Ka koya wa yaron ya zana akwati da kibau kafin ya taɓa lamba, kibiya ɗaya gaba ɗaya baya, domin wanda ya yi zanen da wuya ya manta da cirewa. Doka ta uku ba ta buƙatar dogon bayani: ya tsaya da safa a kan tayil ya tura bango, zai ga shi ne yake sulɓewa baya, saboda bangon yana mayar masa da turi daidai da nasa.

Aiki shi ne na ƙarshe, kuma shi ne yake saɓa wa abin da yaro ya saba ji. A wannan darasi ba a cewa an yi aiki sai abubuwa biyu sun haɗu: an sa ƙarfi, kuma abin ya motsa ta fuskar da ƙarfin yake nufa. Lissafinsa shi ne ƙarfi a ninka da nisan da aka yi ta wannan fuska, ma'auninsa kuwa jul, daga sunan Jems Jul, wani masanin Ingila da ya rasu a 1889. Jul ɗaya shi ne niyuton ɗaya ya motsa abu mita ɗaya. Yaron ya ɗaga jarkar daga ƙasa ya ɗora a kan tebur mai tsayin mita 1.2, sai ya rubuta 50 sau 1.2, jul 60. Sa'an nan ka ce ya riƙe ta cak a gabansa har hannunsa ya fara rawa, ka tambaye shi nawa ya yi. Zai ce mai yawa, amma nisan sifili ne, don haka aikin da aka yi wa jarkar sifili ne. Gajiyarsa gaskiya ce, domin tsokar hannunsa tana ta ƙona abinci tana takurewa tana sakewa, sai dai jarkar ba ta ƙaru da komai ba. Haka nan idan ya ɗauke ta a ka ya ratsa falo da sauri ɗaya: kansa yana tura ta sama, ita kuwa tana tafiya gaba, fuskokin biyu ba su haɗu ba, amsar dai sifili. Wannan tambayar malamai suna son ta ƙwarai a jarrabawa, kuma da hujja, domin ita ce take raba wanda ya gane da wanda ya haddace.

Matakala ita ce wurin gwaji mafi kyau, kuma gidajen Makka da ke kan duwatsu ba su rasa ta ba. A auna tsayin taki ɗaya, a ƙirga takun, a ninka. A ce taki 18 ne, kowanne santimita 17, jimla kusan mita 3. Tsayin ake ɗauka tsaye daga ƙasa zuwa sama, ba tsawon gangaren ba, kuma a mayar da santimita zuwa mita kafin a ninka, in ba haka ba amsar za ta kumbura sau ɗari. Yaro mai kilo 45 nauyinsa niyuton 450 ne, hawansa ya zama jul 1,350. Ko ya hau da gudu ko ya hau a natse aikin ɗaya ne. Abin da ya bambanta shi ne yawan aikin da yake yi a kowane sakan, wanda ake aunawa da wat. Idan ya hau cikin sakan 15 ya fitar da wat 90, idan cikin sakan 9 ne kuwa wat 150. Kada a bari gwajin ya koma tsere tsakanin 'yan'uwa, musamman idan matakalar ba ta da abin dafawa.

Gangaren da ake yi wa kekuna a ƙofofin masallatai da asibitoci yana haɗa dukkan darasin wuri guda, don haka ya dace a ba yaron shi a matsayin tambaya ta ƙarshe ya warware shi kaɗai. Keke da mai zama a kai kilo 60 ne, wato niyuton 600, ana so a kai su dandamali mai tsayin rabin mita. Idan za a ɗaga su kai tsaye sai an sa niyuton 600 ɗin gaba ɗaya, aikin kuma jul 300 ne. Idan gangaren yana da tsawon mita 6, a raba 300 da 6, sai ga shi niyuton 50 ya isa, daidai da ɗaga jarkar zamzam guda, in aka ajiye gogayya a gefe. Aikin bai ragu da jul ko ɗaya ba, an dai shimfiɗa shi ne a kan nisa mai tsawo. Idan ya samo wannan, sai ka gajarta gangaren zuwa mita 3 ka bar shi ya nemo sabon ƙarfin. Amsar da za ka duba a littafinsa ita ce niyuton 100, kuma idan ya rubuta 100 kawai ba tare da ma'auni ba, ka mayar masa ya cika.