Kurakuran da aka fi yi wajen sayen ƙaramin jirgin shiga daji

Ran Juma'ar da ta wuce, bayan la'asar, ƙanen wani abokina ya same ni a ƙofar gida a nan Garwa, arewacin Kamaru. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya miƙo mini wayarsa. Bidiyo ne na wani ƙaramin jirgin sama mai ƙattin tayoyi yana dira a kan tsakuwar bakin kogi a Alaska. Ya ce, "Yaya, irin wannan nake so, in riƙa zuwa wurin shanu in dawo a yini ɗaya." Na ce masa ya samu wuri ya zauna. Shi ne na huɗu a bana da ya zo mini da wannan magana, kuma dukansu da kuɗin taya suke farawa. Ba wanda ya fara tambayata inji, ko mai, ko zafin watan Afrilu. Na gaji da maimaita bayani, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Zan fara da wanda ya fi cina kuɗi. Jirgina Cessna 182 ne, mai kujera huɗu, da injin Continental O-470 mai ƙarfin doki 230. Sayen kifi a ruwa na yi. Dillali ya turo mini hotuna daga ƙasar waje, fenti na ƙyalli, kujeru sababbi, ya ce injin awa 600 kacal ya yi tun da aka sabunta shi, alhali ana ba irinsa awa 1,500. Na lissafa saura 900, na ce ai na tsinci dami a kala. Abin da ban duba ba shi ne shekarar da aka yi sabuntawar. Shekara 17 ke nan, kuma biyar na ƙarshe jirgin a ajiye yake a wani gari na bakin teku, sai dai a tada shi a ƙasa ya yi ƙara na minti goma a kashe. Kamfanin da ya ƙera injin kansa cewa ya yi a sabunta shi in ya kai awoyinsa ko kuwa shekara 12, duk wanda ya riga zuwa. Wannan rabin maganar na biyu shi ne dillali ba zai karanta maka ba.

Inji ba mota ba ne da za ka lulluɓe da tampol ka ce ka adana ta. In bai tashi sama ya yi zafi na kamar awa guda ba, danshin da ke cikin baƙin mai ba ya fita, sai ya zauna yana cin bangon silinda da sandar nan mai buɗe bawul. Tada shi a ƙasa ma ƙara masa danshi yake yi. Ban kai awa 40 ina tashi da shi ba, ranar canjin mai, dattijon makaniken da ke duba mini jirgi ya yanka filtar mai, ya ware takardar cikinta a rana. Ya kira ni, ya ce, "Alhaji, zo ka gani." Takardar tana walƙiya kamar an barbaɗa mata garin azurfa. Ya kai maganaɗisu kusa, garin ya miƙe ya manne. Bai ƙara cewa komai ba, ni ma ban tambaya ba. Aka sauke injin, aka sa a akwati, ya bi mota zuwa Ngaundare, ya bi jirgin ƙasa zuwa Duwala, ya haye teku. Wata goma sha ɗaya jirgin na zaune ba inji, ina biyan inshora da kuɗin rumfa. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi, domin kuɗin tikitin makanike guda ɗaya ya isa ya hana duk wannan.

Don haka ni yanzu ƙa'idata ba ta da sassauci. Makanikenka, wanda kai kake biya, shi zai je ya ga jirgin, ba na mai sayarwa ba. Ya zura siririyar kyamara ta ramin fulogi ya ga cikin kowace silinda, ya auna matsin iskarsu, ya yanka filta, ya karanta littafin tarihin jirgi da na inji shafi bayan shafi. In akwai shekarun da ba a rubuta komai ba, ka tambaya. A 182 kuma ya leƙa bangon ƙarfen da ke tsakanin inji da ƙafar matuƙi, domin a nan ƙafar gaba take kafe, kuma duk wanda ya taɓa buga hancin jirgin da ƙasa, alamar tana nan a lotse. Mai sayarwar da ya ƙi a buɗe jirginsa, ka yi masa sallama. Ni na fi son injin da ya yi awa 1,200 yana tashi kowane mako a kan wanda ya yi awa 300 amma ya yi shekaru a kwance.

Sai mai. Mutane na sayen jirgi kafin su tambayi abin da zai sha. Kananzir ɗin jirgi, Jet A-1, ana samunsa a manyan filaye irin na Garwa da Njamena, amma injin fistan na fetur ba ya shan sa, kuma in aka yi kuskuren zuba masa zai mutu a sama. Nasa shi ne Avgas 100LL, mai launin shuɗi, wanda a yankinmu sai an yi odarsa a durom, a jira, a biya da tsada. 182 na shan kusan lita 50 a awa, sai ka yi lissafinka. Tsofaffin samfura, 182P zuwa baya, ana iya samar musu takardar amincewa su sha fetur ɗin mota mai kyau, muddin ba a gauraya shi da itanol ba, wato sinadarin barasar nan da ake zuba wa fetur. Amma 182Q da ya fito a 1977, injinsa don 100LL aka ƙera shi. Wannan harafi ɗaya na iya raba ka da tashi na watanni. Kuma don Allah, fetur ɗin zuwa-zuwa na cikin kwalba a bakin titi ba ya shiga jirgi, ko da wane dalili. Ni ko daga durom mai hatimi ne sai ya bi ta mazurari mai tace ruwa, kuma sai na ɗaura waya tsakanin durom da jirgi, saboda a busasshiyar iskar hunturu tartsatsi ɗaya ya isa. Masu 182 na kafin 1979, tankinku jakar roba ce a cikin fiffike, tana yin tamoji ta ɓoye ruwa. Ku girgiza fiffiken, ku tsiyaye, ku sake tsiyayewa.

Yanzu ga wanda ya kusa cin raina, kuma a nan zan yi faɗa. Kuna kallon jirgi yana tashi a tazarar da ba ta kai filin ƙwallo ba, kun manta can sanyi ake yi, matuƙi shi kaɗai ne, tanki kuma rabi. Iska mai zafi ba ta da kauri. Fiffike ba ya samun abin kamawa sosai, farfela haka, inji haka. Ma'aunin da littafin jirgi ke tafiya a kai digiri 15 ne a daidai teku, kuma kowane digiri ɗaya da ya ƙaru kamar an ɗaga filin ne da ƙafa 120. Garwa ba ta wuce ƙafa 800 ba, amma a digiri 43 jirginka ji yake kamar yana sama da ƙafa 4,000. Ngaundare da ke sama da ƙafa 3,600, a digiri 32 ma ta haura 6,000. Injin da ba shi da turbo, wato na'urar da ke matsa masa iska, yana asarar kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace ƙafa dubu.

Duk na san wannan a takarda. Amma wata rana a bazara, ƙarfe biyu na rana, a wani fili da muka share kusa da mashekarin shanu, na ɗauki mutum uku, aka ƙara mini buhu, aka ce ga jarkar man shanu tsaraba, na ji kunyar cewa a'a. Na ba shi wuta, jirgin na gudu amma ya ƙi sakin ƙasa. Itatuwan aduwa da ke ƙarshen filin suna ta girma a gabana. Da ƙyar ya ɗaga, ƙarar gargaɗin cewa fiffike na gab da daina ɗaukarmu na kuka, dattijon da ke bayana yana salati da ƙarfi. Da muka sauka na tarar da ganye a maƙale a ƙafar hagu. Kunya ce ta kusa kashe mutum huɗu. Tun daga ranar ina yawo da sikeli a jirgi, kowa sai ya hau, ko wane ne shi. A bazara ba na tashi daga filin daji bayan ƙarfe takwas na safe. Abin da littafi ya ce na tsawon fili, ina ƙara masa rabinsa. Ina taka filin da ƙafata, in kafa sanda da tsumma a tsakiyarsa, in na iso sandar gudu bai kai kashi 70 cikin 100 na abin da nake bukata ba, ina janye wuta in taka birki. Wasu matuƙa na cewa na cika tsanani. Su yi ta faɗa.

Tayoyin da kuke mafarki, masu inci 29 ko 31, an yi su ne don tsakuwa da dausayi. Laushi gare su, kwalta mai zafi na cinye su, suna ƙara nauyi, suna rage gudu. Mu kuwa ƙaya gare mu: aduwa, bagaruwa, farar ƙaya. Ni taya mai lamba 8.50 nake sawa a ƙafafun baya, mai tib, na cire murfin tayoyin, ina ɗauke da tib biyu da famfo da jak. Kuɗin da ya rage na sa a bel mai riƙe kafaɗa da na'urar neman agaji mai aika sigina a mita 406, tunda tauraron ɗan adam ya daina sauraren tsohuwar mita 121.5 tun 2009. Ƙananan haƙoran nan da ake mannawa a saman fiffike suna taimaka wa jirgi ya yi tafiya a hankali wajen sauka, amma ba sa ƙara wa inji doki ko ɗaya, kuma filin da ka iya sauka ba lallai ka iya tashi daga cikinsa ba. Kowane gyara sai da takardar amincewarsa, kuma a sake auna jirgin a sikeli bayan an gama. Wanda ya kai ƙarfen jirgi wurin mai walda a kasuwa ya zubar da takardar lafiyar jirginsa da inshorarsa gaba ɗaya.

Sauran a gurguje. Jirgi mai tayar wutsiya irin su Cessna 185 da Super Cub sai ka yi awoyi da malami, in ba haka ba zai juya da kai a ƙasa. Mai jikin yadi kada ya yini a rana ba rumfa. A hunturu ka duba filtar iska kullum, kuma in hazo ya rufe, ka zauna a gida. Ƙasar karal, wato laka, da ta tsage da rani, ruwa ɗaya ke mayar da ita taɓo mai kama taya. Suri da ramin dabgi ba sa ganuwa daga sama, sai ka sa wani ya bi filin da babur kafin ka zo. Ka rufe bututun auna gudu da zarar ka kashe inji, domin zanzaro na iya toshe shi da laka kafin ka idar da azahar.

Takardu kuma ka fara su kafin ka biya ko sisi. Lambar rajistar jirgin Kamaru da TJ take farawa, ta Chadi da TT, kowace ƙasa da hukumarta ta jiragen sama, CCAA a nan, ADAC a can, ga kuma duwan, wato kwastan. Nan ba Alaska ba ce da za ka ga fili ka dira. Saboda halin tsaro, musamman wajen Tafkin Chadi da arewacin Marwa, filin da ka share a gonarka ma sai hukuma ta san da shi ta yarda, kuma ƙetare iyaka zuwa Njamena sai da izini a rubuce. Ƙanen abokin nawa na ce ya fara kawo mini amsar tambaya uku: ina zai samu mai, wa zai duba masa jirgi duk awa 50, kuma mita nawa ne filin da ke wurin shanunsu. Ya ce zai je ya taka filin ranar Asabar.