In an turo muku malamin Ingilishi daga Ostireliya, ga yadda za ku riƙe shi a Garwa

Masu makarantun kuɗi a nan Garwa ta Kamaru da malaman lise, wato sakandare, da ake ɗora wa nauyin baƙo, wannan maganar taku ce. Sai ka ji an ce ga wani matashi nan tafe daga Ostireliya zai koyar da Ingilishi na shekara guda, shekarunsa ashirin da 'yan kai, bai taɓa taka Afirka ba, kowa na murna amma babu wanda ya zauna ya tsara yadda yaron nan zai rayu daga ranar da ya sauka. Abu na farko, a ware masa mutum ɗaya. Ba kwamiti ba, mutum ɗaya, malami ɗan'uwansa mai jin Ingilishi ko da kaɗan-kaɗan ne, wanda zai iya bugo wa waya ƙarfe biyun dare ba tare da jin nauyi ba. Baƙo ko da ido makaho ne, kuma in 'yan jagora suka yi yawa kowa zai ɗauka ɗayan ne ke riƙe da sandar.

Kafin ya taso ku tabbatar yana da katin rigakafin shawara, ba a shiga Kamaru sai da shi. Biza kuma tun 2023 ta intanet ake nema. Ƙasarsu ba ta da ofishin jakadanci a Yawunde, na Abuja ne ke kula da 'yan ƙasarsu da ke nan, to ya riƙe lambarsu a waya da kuma a takarda. Da ya iso a kai shi kwamisariya, wato ofishin 'yan sanda, a buga wa kwafin fasfonsa hatimi, ya riƙa yawo da kwafin, na ainihin ya zauna a ɗaki. A saya masa layin MTN ko Orange ranar farko a buɗe masa asusun kuɗin waya, don mutanen nan sun saba da kati, wani ma sai ya yi wata bai taɓa tsabar kuɗi ba a garinsu. Kan cajarsa ma ba zai shiga soket ɗinmu ba, nasu mai baki uku ne a karkace, sai an nemo masa mahaɗi.

Satin farko kada ku sa shi a aji. Birnin Sidini na ƙasarsu na gabanmu da awa tara, daga Oktoba zuwa farkon Afrilu ya koma awa goma, shi ya sa za ku ga yana gyangyaɗi da la'asar, tsakar dare kuma idonsa biyu yana ta magana da mamarsa a waya. Ba iskanci ba ne, jikinsa ne bai san ya bar gida ba tukuna.

Sannan maganar sauro, nan ne nake son a tsaya sosai. Tun 1981 aka tabbatar babu zazzaɓin cizon sauro a Ostireliya, wato yaron nan jininsa bai san ciwon ba sam, kuma mu Satumba muke komawa makaranta, daidai ƙarshen damina lokacin da sauro ke cin kasuwarsa. Abin da zai kwantar da ɗanka kwana biyu ya miƙe, shi zai iya kai shi lahira. A ɗaura masa gidan sauro kafin ya iso, a duba babu huji, ya ci gaba da shan maganin kariyar da likitansa ya ba shi ko da yana jin garau. In jikinsa ya yi zafi ko da ɗan kaɗan ne, ranar a kai shi asibiti a ɗibi jini, kada wani ya ce bari a sayo masa ƙwaya a tebur ko a dafa masa ganyen darbejiya tukuna a gani. Ruwa kuma na gora ko dafaffe. Abincinmu a hankali: a fara da shinkafa da gasasshen kifin Binuwai da ƙosai mai zafi, tuwo da miyar yakuwa ko tafasa su biyo baya, kilishi da soya a rage yaji. Kindirmon hanya da ƙanƙarar leda a bar su sai gaba. In kun ga ya fito da wata 'yar kwalba mai baƙin abu yana shafawa a burodi, Vegemite ne, ku ɗanɗana don zumunci amma ba dole, gishiri ne zalla.

Zafi kam kada ku yi masa alfahari da shi da wuri, su ma suna da nasu, yawancin ƙasarsu busasshiya ce, ga hamada har da raƙuman daji ba masu su. Bambancin kawai can akwai na'urar sanyi da wutar da ba ta cika ɗaukewa ba. Maris da Afrilu in Garwa ta haura digiri 40 shi ne gwajin, to ɗakin da za a ba shi ya zama mai taga biyu, da fanka mai caji, da inda zai shimfiɗa katifa a tsakar gida. Kuma ku tuna lokutansu a juye suke, Disamba lokacin zafi ne a wurinsu, Kirsimeti a bakin teku suke yi. Lokacin nan da hunturu ya rufe gari da ƙura shi ne kewar gida ke kama shi, kada a bar shi shi kaɗai a ɗaki ranar 25.

Yanzu aji. Can ajinsu da wuya ya wuce yara talatin, nan zai shiga ya tarar da ninkin haka ko fiye, uku ko huɗu a benci. Ranar farko shugaban makaranta da kansa ya shiga da shi ya gabatar da shi, ya ce wannan Malam wane ne, don in ka bar shi zai ce wa yara ku kira ni da sunana kawai, ya zauna a kan tebur yana wasa da su, bayan sati biyu ajin ya zama kasuwar Pitowa. Su haka suka taso, ba sa son girman kai, shugabansu na aiki ma da sunansa suke kiransa. Ku gaya masa a nan sai ka fara da ɗaure fuska sannan ka saki a hankali. Ku zaunar da shi ku nuna masa maki bisa 20 muke bayarwa, 10 ne tsira, kuma 18 ba abin rabawa ba ne kamar goro. Ku ba shi tsofaffin takardun jarabawowin sakandare na BEPC da probatuwar da bak ya ga irin tambayoyin da ake yi, in ba haka ba zai kwashe wata uku yana koya musu waƙa da hira, yara su ji daɗi, jarabawa ta zo babu nahawu. Ni dai a ganina hirar ita ce amfanin zuwansa, nahawu muna da masu yi, abin da yaranmu suka rasa shi ne su buɗe baki su yi magana ba tsoro, to a raba: shi ya ɗauki magana da sauraro, malamin gida ya riƙe shirin jarabawa. Sai dai a roƙe shi ya rage gudu. Ingilishinsu na hanci ne, suna haɗiye ƙarshen kalma, har malamanmu da suka yi karatu a Bamenda ko Buwiya, yankin masu Ingilishi, sai sun kasa kunne. Ya riƙa rubuta abin da ya faɗa a allo.

Abu biyu za su ba shi wahala a aji. Yaro in ana masa faɗa ya sunkuyar da kai, mu ladabi muke gani, shi kuma zai ɗauka yaron na ɓoye wani abu ne, har ya ce kalle ni cikin ido. A fahimtar da shi. Na biyu bulala. In ya ga malami ya zane yaro zai tayar da hankali sosai, kuma gaskiya doka na bayansa, dokar ilimi ta 1998 ta hana duka a makaranta ko da ba kowa ke bi ba. Gara ku tattauna wannan tun kafin ya gani da idonsa.

A unguwa kuma, gaisuwa. Ku koya masa jam na da useko na Fulatanci, da ina kwana da ina gajiya, ya san ba a wuce dattawa a kan tabarma a ɗaga musu hannu kawai. Hannun dama wajen bayarwa da karɓa, cire takalmi a bakin ɗaki, gajeren wando da silifas a bar su cikin gida. In mace ce a kai ta wurin tela a satin farko a ɗinka mata atamfa biyu uku, kuma matar gida ce za ta zama 'yar jagora. Yara za su bi shi suna nasara nasara, ya yi murmushi ya wuce. Kuɗi a kasuwa da dala ake ƙirgawa, dala ashirin sefa 100 ke nan, dala ɗari 500, in ba a koya masa ba mai tumatir zai ce dala arba'in ya miƙa abin da bai kai ba ko ya zarce. In mai shan giya ne a gaya masa a fili kada ta shigo gida, da azumi kuma kada ya sha ruwa a gaban yara. Mu ma akwai namu gyaran: in ya rufe ƙofa ya ce yana son ya zauna shi kaɗai ba fushi yake ba, kada a yi ta aika yara suna ƙwanƙwasawa ana tambaya lafiya. In ya ce ya ƙoshi ya ƙoshi ɗin ne, a'a ɗinsu ba ta kunya ba ce. Kuma a hana 'yan unguwa damunsa da maganar biza, albashin malami yake ci ko ma ƙasa da haka.

Babur kada ku ba shi ya tuƙa, su ta hagu suke bi, a sha-tale-tale hannunsa zai koma inda ya saba. Ko tsallaka titi ma ɓangaren da ba shi ba zai fara kallo. A samo masa ɗan acaɓa guda amintacce da hular kwano.

Yawon buɗe ido sai rani, daga Disamba zuwa wajen Afrilu. A fara da na kusa: bakin Binuwai da yamma ya ga dorina, kasuwar Pitowa ranar Lahadi, wasan ƙwallon ƙungiyar Coton Sport, madatsar Lagdo da 'yan Sin suka gama a 1982 inda zai hau kwalekwale ya ci kifi. Hutun Disamba a kai shi gandun dajin Binuwai a kan hanyar Ngawundare, a kwana a fita da asuba da ɗan jagoran gandun, ko kwazazzabon Kola kusa da Gidar lokacin da ruwan Mayo Luti ya janye ana iya shiga tsakanin duwatsun. In zafin Afrilu ya yi masa yawa Ngawundare ce magani, tudu ne da sanyi, ga tafkin Tizon ga fadar lamiɗo. Ranar Sallah kuma a kai shi ƙofar fada ya ga hawan dawaki, a ɗinka masa 'yar shara da hula.

Zai ce sai ya je Rumsiki da Waza don ya gani a intanet. Kada ku yanke wannan da kanku. Gwamnatinsu na gargaɗinsu kada su je jihar Arewa Mai Nisa, inda wuraren nan suke, da bakin iyakoki, kowa kuma ya tuna iyalin Faransawa bakwai da aka sace kusa da Waza a 2013, in ya je inshorarsa ma ba lallai ta biya ba. Ko tafiyar da ba ta kai can ba a tambayi jandarmomi halin hanya, a yi ta da rana, kuma a ƙwace masa waya in kun doshi gada ko filin jirgi ko barikin soja, don hoto ɗaya a irin wuraren nan zai sa ku wuni a ofis kuna bayani.