Yadda ake gane kuturtar gyaɗa da tare mata hanya

Dattawan manoma a Maradi ba su manta da shekarar 1975 ba, lokacin da kuturta ta faɗa wa gyaɗa, ko gujiya kamar yadda muke kiranta a nan, har ta lalata kimanin hekta 700,000 a arewacin Najeriya kaɗai.

Matakin farko shi ne manomi ya san cewa ƙwayoyi uku ne suke haɗa kai su haifar da cutar. Ta farko, wadda masana suke kira GRAV, bairos ce mai kamar ƙwallo da faɗinta bai wuce nanomita 28 ba (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), tana da rigar furotin da ta lulluɓe zare guda na RNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gadonta, kuma ita kaɗai ba ta nuna wata alama a jikin ganye. Ta biyu, GRV, ba ta da umarnin ƙera riga a cikin ƙwayoyin gadonta, saboda haka sai ta yi aron ta GRAV. Ta uku ɗan guntun RNA ne mai haruffa kusan 900, wanda ba ya iya hayayyafa sai da taimakon GRV, amma duk da ƙanƙantarsa shi ne yake kuturtar da shuka. Darɓa, wato baƙin ƙwaron nan mai tsotsar ruwan ganye, ba ta iya kai cutar wata shuka sai an naɗe ta cikin rigar GRAV, kuma idan ta ɗauka takan yi kwanaki tana yaɗa ta.

Mataki na biyu shi ne zagaya gona tun shuka tana ƙarama. A ɗaga sabon toho a duba ƙarƙashinsa, domin a nan darɓa take cunkushewa, ganyen yana danƙo, tururuwa suna hawa da sauka. Shukar da ta kamu takan tsugune, ganyenta ya ƙanƙance ya murɗe, ya yi ɗorawa ko kore mai duhu. Irin wannan a tumɓuke ta a binne nan take, domin wadda ta kamu da wuri da ƙyar take yin kwanso.

Sai dai rigakafin da ya fi ƙarfi tun ranar shuka ake yin sa. A shuka da zarar damina ta zauna, kafin darɓa ta yi yawa, a kuma matse tazara yadda ganye zai rufe ƙasa da wuri, saboda darɓa mai fukafukai ta fi sauka a gonar da take da sarari tsakanin shuke-shuke. A ganina, ƙwauron iri shi ne kuskuren da ya fi cutar da manoma. Da rani kuma a cire gyauro, musamman a fadama, don kada ya zama mafakar ƙwaron da cutar.

Cutar ba ta bin iri, don haka canza iri ba zai yi amfani ba sai idan wanda aka kawo mai juriya ne, kamar Samnut 24 na cibiyar binciken noma ta Samaru. Kafin a saya, a tuntuɓi malamin gona ko cibiyar binciken noma ta ƙasar Nijar, wato INRAN, da ke Tarna kusa da Maradi, a ji wanda ya dace da ƙasar da ruwan yankin.