Yadda ake haɗa dusar kiran kifi kafin a jefa fatsa

Yawancin masu koyon fatsa da nake gani a bakin Dam ɗin Tiga ko gaɓar kogin Wudil, dusarsu ce ke kore musu kifi. Mutum ya watsa busasshiyar dusa a kan ruwa, iska ta ja ta, 'yan kawara su bi ta can nesa, shi kuwa ya wuni yana kallon totuwar da ya ɗaura a zaren fatsarsa don nuna cizo, ko motsi ba ta yi. Dusa ƙasan ruwa ake so ta je, daidai inda ƙugiya take.

Ka samu dusar masara rabin kwano, ko ta gero, duk wadda ke gida. Ka daka ƙuli-ƙuli cikin tafi biyu ka zuba, don ƙanshinsa da maiƙonsa ne ke kiran karfasa. In tarwaɗa kake nema, ƙara ɗan daddawa ko yankakkiyar tana, ita wari take bi. Kada ka ɓata kuɗinka kan abincin kifin gona na buhu. Ƙanzon tuwon jiya da aka jiƙa ya fi shi riƙe haɗin.

Wurin kwaɓi ne ake faɗuwa. Kada ka kwaɓa a gida, ka bari sai ka isa, ka yi da ruwan wurin. Ruwa kaɗan-kaɗan ake yayyafawa ana juyawa da yatsu, ba a kwara shi gaba ɗaya. In ta yi danshi ka rufe ta kamar minti 10, domin dusa tana shan ruwa a hankali, wadda ka ga ta yi daidai yanzu anjima za ka tarar ta bushe. Sai ka sake yayyafawa. Daga nan ka dunƙula ɗaya kamar curin fura ka saka a ruwan da bai wuce idon sawu ba, ka zuba mata ido. In ta watse tun tana sama, ruwa bai ishe ta ba. In ta zauna daram ba ta ko zubar da gari, ta yi caɓi, sai an ƙara busasshiya. Wadda ake so ita ce ta nutse a dunƙule, sannan ta riƙa farfashewa sannu a hankali.

A dam, inda ruwa ke kwance, wannan ya wadatar. Amma a kogin Haɗeja lokacin da ruwa ke gudu, dole ka cuɗa ta da laka, kusan rabi da rabi, ka kuma jefa ɗan sama da inda fatsarka take, ruwan ya gangaro maka da ita.

Auna zurfin wurin da darma tun kafin ka jefa komai. Ka zaɓi gefen kachalla, wato doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa, ko gindin wata ciyawa, ka sa alama da wata bishiya ta tsallake, duk jifa a nan za ta sauka. Curi uku ko huɗu da farko, shi ke nan, sai ɗan ƙarami in cizo ya ragu. Wanda ya juye bokiti guda ya ciyar da kifi ne kawai, ƙosasshen kifi ba ya kallon ƙugiya. Da hunturu ma ka rage zuwa rabi, sanyi na kashe musu cin abinci.

A ƙugiya ka sa abin da ya fi dusar daɗi, tana ko gara. In baƙo ne kai a wurin, ka fara gaida sarkin ruwa, kuma kada ka zuba dusa kusa da gurar masunta.